Ta Zo Ta 13, Ta Tafi Da Kofi

 Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu leƙa ƙasashen Turai wajen masu tseren babur. Na san wata za ta ce, ina ruwan biri da gada? To ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, domin labarin na wata yarinya ce, kuma akwai iyaye mata a cikinsa, waɗansu sun yi guɗa, waɗansu sun yi kuka.

A ranar 30 ga watan Satumba na 2018, a wani filin tsere da ake kira Magny-Cours a ƙasar Faransa, wata budurwa mutuniyar Sifen mai shekara 21, sunanta Ana Carrasco, ta ci kofin duniya na gasar da ake kira Supersport 300. Ita ce mace ta farko da ta taɓa cin kofin duniya a tseren babur na kan kwalta tana riƙe da kan babur ita kaɗai, kuma da maza ta kara. Jaridun duniya suka buga hotonta, mutane da yawa suka riƙa ba da labarin da cewa ga mace ta fi maza gudu. Ni kuwa ina ganin masu ba da labarin haka sun rage wa yarinyar nan haƙƙinta, sun kuma ɓoye wa 'ya'yanmu abin da ya fi amfani a ciki. Ranar da ta ci kofin nan, mutum goma sha biyu ne suka riga ta isa. Ta 13 ta zo.

Bari in fara bayyana yadda gasar take don kada in bar wata a baya. Tseren babur na duniya aji-aji ne kamar makaranta. Akwai ajin manya, inda ake hawan babura masu tsananin ƙarfi, akwai kuma ajin ƙanana inda ake horar da masu tasowa. Supersport 300 ajin ƙanana ne, an buɗe shi a 2017, kuma a wancan lokaci yaro ɗan shekara 15 yana iya shiga. Baburan da ake hawa a lokacin irin waɗanda ake sayarwa a kanti ne, na kamfanin Kawasaki da Yamaha da KTM da Honda, sai dai a cire musu fitila da madubi, a yi musu 'yan gyare-gyare. Hukumar tseren babur ta duniya, watau FIM, ta riƙa sa ido ƙwarai don kada babur ɗin wani kamfani ya fi na wani ƙarfi. Amma fa kada kalmar ƙanana ta ruɗe ku. A miƙaƙƙiyar hanya baburan nan suna wuce kilomita 180 a awa guda.

To da yake ƙarfin baburan kusan ɗaya ne, masu tseren ba su rabuwa da juna. A wancan lokaci fiye da mutum talatin ke tashi lokaci guda, sai ki ga goma sha biyar a dunƙule, gwiwa na gugar gwiwa. Na gaba shi ke tsaga iska, na baya ya laɓe a bayansa ya sami sauƙi, in sun kusa kwana ya fito ya wuce shi. Saboda haka wanda yake na ɗaya a wannan zagaye yana iya komawa na goma a zagaye mai zuwa, ba tare da ya yi wani kuskure ba. Ku riƙe wannan bayani, za mu dawo kansa.

Sa'an nan kofin ba a tsere ɗaya ake cinsa ba. A 2018 tsere takwas aka yi, daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, a ƙasashe dabam-dabam. Wanda ya zo na ɗaya ana ba shi maki 25, na biyu 20, na uku 16, na huɗu 13, haka abin ke raguwa har na 15 mai maki ɗaya. Daga na 16 zuwa ƙasa babu ko anini, haka kuma wanda ya faɗi ko babur ɗinsa ya lalace. A ƙarshen shekara a tara, mai rinjaye ya ɗauki kofi. Kamar asusu ke nan, ranar fasawa ake sanin wanda ya jure.

Ita Ana an haife ta a 1997, 'yar wani ƙaramin gari ce mai suna Cehegin a lardin Murcia. Mahaifinta makanikin babur ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tana shekara 3 ta fara hawan ɗan ƙaramin babur na yara. Tana shekara 16, a 2013, ta shiga gasar duniya ta Moto3, har ta zo ta 8 a tseren Valencia. Daga nan al'amura suka dagule mata. A 2014 kuɗin masu ɗaukar nauyinta suka yanke, ba ta ƙarasa shekarar ba. A 2015 ta sha fama da karaya. A 2016 ta koma wata gasa ta Turai, ba ta yi abin kirki ba. Mutane suka ɗauka tata ta ƙare. Da aka buɗe wannan sabon aji a 2017 sai ta shiga, a watan Satumba kuma ta ci tseren Portimao a ƙasar Fotugal. Wannan shi ne karo na farko da mace ta ci tsere guda a irin wannan gasar duniya.

Yanzu ga shekarar 2018 ɗin kanta. Ana ta hau Kawasaki Ninja 400 a ƙungiyar wani tsohon ɗan tsere mai suna David Salom. A tseren farko, a Aragon cikin ƙasarsu, ta zo ta 6. A Assen ta ƙasar Holan ta zo ta 4. Sai watan Mayu ya kama, tauraruwarta ta haska. A Imola ta Italiya ita ce ta fi kowa gudu a gwaji, aka sa ta a sahun farko, da aka tashi kuwa ta yi abin da ba a saba gani ba a wannan aji, watau ta fice daga cikin dunƙulen nan ta bar su a baya, ta isa da ratar fiye da sakan goma. Bayan mako biyu ta sake cin tseren Donington a Ingila. Tsere huɗu, maki 73. Waɗannan ranaku biyu su ne masu ba da labari ke so, kuma lalle ranaku ne masu daɗin faɗi.

Amma rabin shekara ne kawai. Daga nan hukuma ta taɓa dokokin daidaita babura, har da dokar nauyi, wadda ta ce in an auna babur da mahayinsa tare tilas su kai wani adadi. Ana ba ta da jiki, saboda haka sai da aka ɗaura wa babur ɗinta ƙarfe don cika awo. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu a ka ta san nauyin jikinka dabam, nauyin da aka aza maka dabam. Namiji mai jiki yana karkata nauyinsa inda ya so a kwana, ƙarfen da aka ɗaure kuwa ba ya karkata. Ko ma mene ne ya fi yi mata illa, abin da aka gani shi ne gudun nan ya tafi. A Brno ta ƙasar Cek, inda wani yaro ɗan Indunusiya mai suna Galang Hendra ya yi nasara, ta zo ta 11. A Misano ta Italiya ta 10. A Portimao, filin da ta ci bara, ta 10 kuma.

A nan nake so mu tsaya, mu zauna sosai. Ku ɗauki yarinyar da ta ci tsere biyu a jere, duniya na kallonta, 'yan jarida na binta, sa'an nan ta wayi gari yaran da ta bari a baya jiya suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Zuciya me za ta ce mata? Za ta ce ki matsa, ki jinkirta taka birki, ki kutsa ta inda babu hanya, ki nuna musu. Masu tsere da yawa, manya da yara, haka suke yi in abin ya juya musu, kuma haka suke ƙarewa a cikin tsakuwar gefen hanya, babu maki ko ɗaya. Ita ba ta yi haka ba. Ta karɓi maki 5 a Brno, ta karɓi 6 a Misano, ta karɓi 6 a Portimao, ta kai babur ɗinta gida lafiya. Babu jaridar da ke buga hoton wanda ya zo na 10, babu mai tafa masa. Amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Aka zo tseren ƙarshe a Faransa tana da maki 90. Scott Deroue mutumin Holan yana da 80, Mika Perez, ɗan ƙasarsu, yana da 72. Gwaji ya yi mata muni ƙwarai, aka sa ta a matsayi na 25 wajen tashi, abokan hamayyarta kuwa suna can gaba. Watau kafin ta sami ko maki ɗaya sai ta wuce mutum goma, a cikin cunkoson da na bayyana muku. Ana cikin tsere babur ɗin Deroue ya lalace, ya fita. Saura Perez, shi kuwa yana gaba, in ya ci tseren makinsa ya zama 97, kofi ya zama nasa. Har zagayen ƙarshe shi ke kan gaba. Ana dab da isa sai wani ɗan Sifen, Daniel Valle, ya wuce shi. Perez ya zo na biyu, makinsa ya tsaya 92. Can baya Ana ta lallaɓo daga ta 25 zuwa ta 13, ta sami maki 3. Jimla 93.

Maki ɗaya tak! Ku yi lissafin da kanku, 'yan makaranta. A tsere huɗu na ƙarshe maki 20 kacal ta tara, bai kai na nasara ɗaya ba. Amma ku cire ko wanne daga cikin huɗun nan, ko na Brno, ko na Misano, ko na Portimao, ko ukun nan na Faransa, kofi ya tafi gidan su Perez. A tsere takwas ɗin nan duka babu inda ta tashi hannu banza. Abin da ya ci kofin ke nan.

Wata za ta ce, ai sa'a ce. Da babur ɗin Deroue bai lalace ba fa? Da Valle bai wuce Perez ba fa? Gaskiya ne, akwai rabo a ciki, ban musa ba. Sai dai rabon ya zo ya tarar da ita a kan hanya tana tafiya. Da ta fusata ta zube a kwana ta farko, ko da ta karaya ta ce daga na 25 babu abin da za a iya, to wucewar da Valle ya yi wa Perez ba za ta amfane ta da komai ba. Wata kuma za ta ce, to ashe ba ita ta fi kowa iya tuƙi ba ke nan. Ni a ganina iya tuƙi ya haɗa da sanin ranar da babur zai ba ka ɗaya da ranar da ba zai ba ka fiye da goma ba, ka kuma karɓi goman ba tare da ka karya wuyanka ba. Mutum bakwai ne suka ci tsere a wannan shekara, ita kaɗai ce ta ci sau biyu. Gudu tana da shi. Natsuwar ce ta fi su.

Na ga yadda ake nuna wa 'yan mata hoton irin waɗannan mata a ce musu ku ma za ku iya. Madalla, amma hoton kofi kaɗai ba ya koya wa yarinya komai, har yana iya sa ta zaci masu nasara kullum a gaba suke, ita kuwa da ta zo ta goma a jarrabawar zango na biyu shi ke nan ba ta da rabo. A nuna mata Brno da Misano. A gaya mata kuma, ita Ana ɗin nan a lokacin tana tsere tana karatun lauya a jami'a a Murcia, domin ta san babur ba ya tsufa da mutum.

To yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi, kuma da ku nake, iyaye mata. Da Ana ta ci kofin nan, ta sadaukar da shi ga Luis Salom, abokinta, ɗan'uwan mai ƙungiyarsu, wanda ya rasu a 2016 a filin Barcelona wajen gwaji, yana da shekara 24. Ko a ranar farin ciki, mutuwa na tsaye a gefen wannan sana'a. Cunkoson nan da ke sa masu kallo tsalle, shi ne kuma babban haɗarin ajin ƙanana. Faɗuwa kanta sau da yawa ba ta kisa, domin suna sanye da hular kwano da rigar fata tun daga wuya har idon sawu, mutum ya sulale a kwalta ya tashi ya karkaɗe jiki. Abin tsoro shi ne yaro ya faɗi a tsakiyar dunƙule, na bayansa ba su da inda za su kauce.

Haka ya faru sau uku cikin wata huɗu a 2021. A watan Mayu Jason Dupasquier, ɗan Suwizalan mai shekara 19, ya rasu bayan haɗari a Mugello a gasar Moto3. A watan Yuli Hugo Millan, yaro ɗan shekara 14, ya rasu a Aragon a wata gasar yara ta Turai. Ranar 25 ga Satumba, a Jerez, a cikin wannan gasa ta Supersport 300 da muke zance, Dean Berta Viñales ya faɗi, na baya suka bi ta kansa. Shekararsa 15. Sai bayan wannan, a watan Oktoba, hukuma ta tashi tsaye. Ta ce daga 2022 sai ɗan shekara 16 zai shiga Supersport 300, kada kuma masu tashi su wuce 32. Ta ɗaga shekarun shiga gasannin yara zuwa 14, ta ce daga 2023 sai ɗan 18 zai shiga Moto3, ta kuma tilasta sa riga mai kumbura da iska in an faɗi. Dokoki ne masu kyau, amma ihu bayan hari ne. Wane ne bai san haɗarin tara yara fiye da talatin a kan babura masu ƙarfi ɗaya ba? Tun 2017 kowa yana gani da idonsa. Natsuwar da yarinya 'yar shekara 21 ta nuna a kan babur, manyan da ke zaune a ofis ba su nuna ta ba sai da aka binne yara uku.

Kuma dokokin ba su rufe ƙofar ba. A watan Oktoba na 2022 Victor Steeman, ɗan Holan mai shekara 22, ya yi haɗari a Portimao a wannan gasa, ya rasu bayan kwana uku a asibiti. Kwana biyu da rasuwarsa zuciyar mahaifiyarsa ta buga, ta bi shi. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan, kowace uwa ta san abin da ake nufi.

Abin da ya sa na kawo wannan, yaranmu ma suna kallon tseren nan a waya, kuma kun san abin da samari ke yi da babur a titunanmu ranar biki ko ranar salla, a ɗaga ƙafar gaba, a saki hannu, a kwanta a kan sirdi. In ɗanki ya nuna miki hoton waɗannan 'yan tsere ya ce ai su ma haka suke yi, ki gaya masa su a killataccen fili suke, babu mota mai zuwa, babu akuya, babu mai talla, ga likita da motar asibiti a tsaye, ga hular kwano da rigar fata, kuma duk da haka an yi jana'izar waɗanda na lissafa. Shi da ke sanye da silifa fa?

Ita ma Ana ba ta tsira da jikinta ba. A watan Satumba na 2020, wajen gwaji a Estoril ta Fotugal, ta faɗi ta karya ƙashin baya, aka yi mata aiki aka sa mata ƙarfe. Kafin shekara ta zagayo ta dawo, a watan Yuni na 2021 ta sake cin tsere a Misano. Ko ya kamata ta dawo bayan irin wannan rauni, wannan ita da iyayenta suka sani, babbar mace ce mai hankalinta. Ƙorafina a kan yara ne, waɗanda ba su kai su yanke wa kansu irin wannan shawara ba.

A 2024 hukuma ta buɗe gasar duniya ta mata zalla, kowa a kan babur iri ɗaya, Yamaha R7. Ana ce ta ci kofin farko, bayan ta sha fama da Maria Herrera, wata 'yar Sifen da ita ma ta yi tsere da maza a 2018. Ban ƙi wannan gasa ba, tana ba 'yan mata da yawa wurin da za a gan su, masu kuɗi su ɗauki nauyinsu, rashin kuɗin nan kuwa shi ya kusa kashe wa Ana sana'a a 2014. Fatana kawai kada ta zama ɗakin da za a tura mata a ja ƙofa, a manta cewa an taɓa sa mace a sahu ɗaya da samari fiye da talatin, aka ɗaura wa babur ɗinta ƙarfe, ta kuma fi su maki a ƙarshen shekara. Da alama ita ma ba ta so a manta, domin da ta karɓi kofin matan, a 2025 sai ta hau Honda ta koma cikin maza, a ajin Supersport na manya.